Saurayin da Ba Ya Numfashi a Waya

Masu karatu, ina gaishe ku duka, har da baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce tana cewa ni mugun uba ne. Na gani, 'yata, kuma ban ji haushi ba. Ki ƙarasa wannan tukuna. In kin ga har yanzu ban canza a idonki ba, ki sake rubutowa.

Ga wanda yau ya shigo, ni tela ne. Shagona a gaban gidana yake, labule ɗaya ne ya raba su. Yarana maza sun yi nasu gidajen, saura Auta kaɗai a gabana, tana aiki a kantin magani. Mahaifiyarta ta rasu tun tana firamare. Yanzu wani injiniya na kamfanin waya ya fito yana sonta, ita ma tana sonsa, amma a wani gari yake mai nisan gaske. Auta ta ce ba za ta aure shi ba sai na yarda har cikin raina. Ni kuma na ce ban yarda ba, alhali ban taɓa ganinsa ba. Muryarsa kawai na ji.

Kada ku yi dariya. Ni da kunne nake sanin mutum. In na zagaya tef a ƙirjin namiji zan auna shi, kunnena yana kusa da bakinsa, kuma na fi shekara talatin ina wannan. Na san numfashin wanda zai zo ya karɓi kayansa, na san na wanda zai bar mini su su tsufa a rataye. Mai gaskiya yakan ɗan ja iska kafin ya faɗi magana mai nauyi. Wanda bai damu ba, maganarsa zuba take yi kamar famfo. Wannan ba a makaranta na koya ba, don ban yi nisa a can ba. A bakin keken ɗinki na koya.

Ranar da injiniyan ya fara kirana, ina cikin kafa hannun wata riga. Wayata ƙarama ce mai madannai, na maƙale ta da kafaɗa.

"Baba, ina wuni? Ni ne wanda Auta ta yi muku maganata."

Kalmomin babu laifi, akwai ladabi. Amma muryar siririya ce, busasshiya, kamar daga cikin gwangwanin madara take fitowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tsakanin kalma da kalma. Babu komai a wurin. Yana gama magana sai shiru ya faɗo ɗif, kamar an ɗauke wuta, sannan wata maganar ta taso. Ya ce yana son 'yata, ya ce zai riƙe ta amana, duk bai ja numfashi ko sau ɗaya ba.

Da Auta ta dawo daga aiki ta leƙo shago, jakarta a kafaɗa, idonta yana tambaya kafin bakinta.

"Baba, ya kira?"

"Ya kira."

"To?"

"Yaron nan ba ya numfashi."

Ta ajiye jakar a kan tulin yadi. "Baba, don Allah. Wai gawa ce ta kira ka?"

"Ban ce gawa ba. Na ce magana ba ta yi masa nauyi."

"Sabis ne. Garinsu da nisa."

Washegari ya turo mata saƙon murya domina. To ni a lokacin ba na taɓa wayar shafawa, yatsuna sun saba da allura, in na taɓa nan sai can ya buɗe. Kuma ina so in saurara ni kaɗai, ba tana tsaye a kaina tana karanta fuskata ba. Sai ta yi dabara. Ta ajiye wayarta a kan teburin yanka, ta kunna saƙon a sifika, ta kara tawa a kusa ta ɗauka. Ta miƙo mini tana murmushi.

"Ga shi nan. Ka ji shi har ka gaji."

Na ji shi har na gaji. Wannan ya fi na farko muni. Kamar ƙarfe yana gaishe ni.

Yanzu sai na gaya muku wani abu, in ba haka ba ba za ku gane tsorona ba.

A cikin wayar nan tawa akwai wata murya. Ta mahaifiyar Auta ce. Lokacin da na saya mata wayarta ta farko, tana wanki a tsakar gida ni ina kan keke, ta danna wurin ɗaukar magana don ta gwada. Maganar ba ta da tsawo. Ta ce, "Tela, yana ɗauka? To me zan ce? Auta, ki sauke tukunyar nan kafin ta kama." Sai ta yi dariya. Shi ke nan. Abin da ta bar mini ke nan na sauti a duniya.

In rana ta karkata, haske yakan shigo ta tagar shago a kaikaice, ka ga burbushin zare yana yawo a cikinsa kamar ba shi da inda za shi. A irin wannan lokaci nake tsayar da keke in kara wayar a kunne. Da can, in na rufe ido, sai in ji ta a bayan labule, hannunta da kumfa, gefen zanenta a jiƙe. Amma shekaru suna tafiya, sai na ga tana matsawa. Ta bar bayan labule ta koma bakin ƙofa. Ta bar bakin ƙofa ta koma tsallaken titi. Yanzu in na saurara, ina ganinta can ƙarshen wata doguwar hanya mai itatuwa, ta juyo tana yi mini magana, iska tana kwashe rabi. Akwai wani ɗan jan numfashi da take yi kafin ta yi dariya, kamar wadda aka ba kyautar da ba ta zata ba. Na rantse yana cikin maganar nan a da. Na neme shi na rasa, har na fara cewa ko ni na ƙirƙiro shi.

Sai na yanke a raina cewa haka murya take. In mutum ya yi nisa, muryarsa tana sirancewa har ta zama zare. Kuma muryar injiniyan nan irin ta can ƙarshen hanya ce. In ya ɗauki Auta, can zai kai ta. Wata rana zan kara waya a kunne in ji 'yata tana gaishe ni daga cikin gwangwani.

Yayata ta san da wannan tsoro, kuma ta san inda za ta taɓa. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, har yau in ta shigo shago sai ta duba ko na ci abinci. Tana da nata ɗan takarar, mai kantin kayan gini da ke bakin layinmu. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, ni nake masa ɗinki kuma numfashinsa lafiya lau. Saƙonninta kullum suna shigowa.

"Tela ka daina jan ƙafa. Mai kayan gini yana jira."

Wani kuma: "In ta zauna a layin nan ko tari ta yi za ka ji."

Ranar da ta zo da kanta, ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ta baza mayafinta ruwan toka mai ƙananan duwatsu a baki, ta kira Auta.

"Ke, me kika gani a wanda ubanki bai taɓa gani ba?"

"Gwaggo, ni ai na gan shi."

"Kin gan shi a gilashin waya."

"Ya zo kantinmu sau da yawa lokacin da suke aiki a nan. Maganin mura ya fara saya."

"To ashe ma mai mura ne."

Auta ta danne dariya. Ni kuwa na yi kamar ina neman alli. Bayan Yaya ta tafi, Auta ta tsaya a bakin labule, ta riƙe shi da hannu ɗaya kamar yadda uwarta take yi.

"Baba, ba zan yi maka gardama ba. In ka ce a'a, a'a ce. Amma ka bari ya zo ka ji shi da kunnenka, ba da wannan abar ba."

Ta nuna wayata. Na ce ya zo.

Saƙonsa ya shigo da yamma: "Baba na gode. Zan taso gobe in Allah ya yarda. Ba sai an yi wahalar komai ba." Na karanta, na sake karantawa. A rubuce dai ba a gane mai numfashi.

Safiyar da zai iso, Auta ta canza kaya har na daina lissafi. Daga ƙarshe ta tsaya a kan doguwar riga ruwan ganye da na ɗinka mata bara, mai ƙananan maɓallai a wuyan hannu, da mayafi ruwan madara. Ta share shagon da ba ta taɓa sharewa ba, har ta kwashe mini guntayen yadin da nake ajiyewa don aljihu. Gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Ni kuwa na sa tsohuwar rigata ta aiki da gangan, na rataya tef a wuya.

Ya yi sallama daga bakin ƙofa, sai na ɗago.

Dogo ne, ba mai jiki ba. Farar riga ce ta kanti a jikinsa, kafaɗar ta yi masa yawa, hannun ya gaza, wuyan hannunsa a waje kamar na yaron da ya yi saurin girma. Wando ruwan ƙasa, an goge shi da kyau amma zaman mota ya karya gugar. Baƙar jaka a bayansa. Ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Na kasa kunne. Muryar tana da kauri, tana da ɗan kaushi a ƙasa kamar sabon yadi da ba a wanke ba. Kuma yana haki. Ina jin iskar tana shiga tana fita, har da wata 'yar rawa a cikinta.

"Lafiya lau. Kai ne ka kira ni kwanaki, ko ƙaninka ka sa?"

Ya dubi Auta, ya dube ni. "Ni ne, Baba."

"To zauna ka ji kanka."

Na lalubo saƙon nan da Auta ta ɗaukar mini, na kunna. Ƙarfen ya fara gaisuwa. Injiniya ya saurara, kansa a sunkuye, sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Dariya yake yi, ta kunya.

"Baba, wannan ko ni ba zan ba shi 'yata ba."

Auta ta rufe baki da mayafi. Ni ma na kusa, amma na riƙe.

"Ya aka yi wannan ya shiga wayarku?" ya tambaya.

Auta ta gaya masa. Ya dafe goshi. "Ke kuwa. A sifika? Kuma za ki auri mai wannan aikin?"

"Ban aure ka ba tukuna," ta ce. "Ka yi ta kanka."

Na ce, "Bar ta. Kiran farko ba ita ta ɗauka ba, kuma shi ma babu numfashi a ciki. Ina numfashinka ya tafi?"

Ya gyara zama a kan benci. Kafin ya fara sai da ya ja iska, na lura.

"Baba, muryar mutum tana da faɗi, hanyar da take bi a waya kuwa matsattsiya ce. To kafin ta shiga, wayar tana matse ta, ta zubar da abin da take ganin kunne ba zai nema ba. Shirun da ke tsakanin kalmomi ma sau da yawa ba a aika shi, don a rage kaya. In numfashin mutum a hankali yake, sai na'ura ta ɗauka shiru ne, ta bar shi a hanya. In sau ɗaya aka yi, da wuya ku gane. Amma daga garinmu zuwa nan, kiran yana fita daga kamfaninmu ya shiga na wasu, kuma kowa da irin matsinsa. Sai a kwance muryar a mahaɗa, a sake matse ta. Kowane matsi da abin da yake ci."

Na ajiye wayar a kan keke. "Tsaya. Kamar a kawo mini riga a ce in rage ta."

"To, Baba."

"Mu in muka yi ɗinki muna barin rarar yadi a ciki, ko mai ita zai yi ƙiba. In na rage riga na yanke rarar, ta tafi kwandon shara. In aka kai wa wani tela ya sake ragewa, shi ba rara zai yanka ba, jikin rigar zai ci."

"Haka ne daidai. Kuma wanda aka kai wa daga baya ba ya iya mayar da abin da na farko ya yanke, don bai ma san da shi ba." Ya ɗan matso, idonsa ya yi haske irin na mai son aikinsa. "Aikina ke nan, Baba. In shawo kan na'urorin da ke hanya su daina kwance ƙunshin. A matse sau ɗaya a bakin mai magana, a kwance sau ɗaya a kunnen mai saurare. Na tsakiya su miƙa kawai, kada su taɓa."

"Suna jin maganarka?"

"Wasu suna ji. Wasu sun tsufa, sai haƙuri."

"Kamar ni ke nan."

"Ban faɗa ba, Baba."

Ya ci gaba da cewa abin da Auta ta yi ya fi duka ɓarna, don muryar ta fito ta ƙaramar sifika, ta bi iskar ɗaki, sannan wayata ta sake matse ta. Amma ni na daina jinsa sosai. Hasken taga ya faɗo a kan teburin yanka, daidai inda Auta ta jera wayoyin nan biyu ranar, kuma ina kallon wurin ina ganin wasu wayoyin. Duk lokacin da wayata ta tsufa na sayi wata, nakan rufe ƙofar shago, in kashe fanka, in ajiye tsohuwar kusa da sabuwar, in kunna muryar matata in ɗauka. A hankali nake yi, da girmamawa, ko motsi ba na yi. Sau uku ne ko huɗu, ban riƙe ba.

Na ɗauki wayar, na nemo muryar, na kunna.

"Tela, yana ɗauka? To me zan ce?"

Siririya, daga can ƙarshen hanya.

"Mama ce," Auta ta gaya masa a hankali. "Ni haka na san muryarta. Ta gaskiyar ta ɓace mini."

Ban taɓa sanin haka ba. Na juya na dube ta, ita kuma tana kallon maɓallan hannun rigarta.

Injiniya bai yi mini bayani ba, bai ce ga abin da ya faru ba. Ya ga na riga na gane. Abin da ya ce kawai shi ne, "Baba, wayar farko, wadda aka yi ɗaukar da ita, tana nan?"

Tana nan. A aljihun keke take, can ƙarshe, bayan kwalbar maɓallai da tsofaffin allurai, a naɗe cikin guntun zanenta mai ruwan shuɗi. Ta daina kamawa tun da daɗewa, murfin bayan ma da roba na ɗaure shi. Na miƙa masa da hannu biyu, shi ma da biyu ya karɓa. Ya cire robar, ya ɗaga batirin da ya kumbura, ya roƙi allura. Da bakinta ya turo wani ɗan abu baƙi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.

"Memori ne. In a kansa ta ajiye, to muryar tana nan yadda aka ɗauke ta ranar farko." Ya ja numfashi. "Amma ban yi muku alkawari ba, Baba. Irin waɗannan sukan mutu a kwance."

Ya fito da kwamfuta daga jaka, ya ɗora a kan teburin yanka tsakanin almakashi da alli, ya saka memorin a ciki. Auta ta shiga ta kawo shayi, ba wanda ya taɓa. A waje mai gyaran takalmi yana buga gudumarsa, wata mota ta wuce da kiɗa. Ni ina tsaye na riƙe tef ɗin wuyana da hannu biyu. Wata 'yar da'ira tana ta juyawa a gilashin, tana juyawa, ni kuma ina ganin doguwar hanyar nan mai itatuwa, ina cewa a raina, ki tsaya nan, kada ki ƙara matsawa.

"Ga ta," ya ce.

Ya kai hannu zai danna, sai ya fasa. Ya zaro iyafis, abin sawa a kunne, daga aljihun jaka, ya goge da gefen rigarsa.

"Ba a sifika ba. Ku sa wannan."

Na sa ɗaya, na miƙa wa Auta ɗayan. Igiyar gajeriya ce, dole ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Shi kuma ya danna, ya tashi ya fita bakin ƙofa ya ba mu baya, yana kallon titi.

Ruwa na fara ji, yana ɗiga daga wanki cikin bokiti. Sai kekena, wannan keken dai, yana tafiya a baya, ƙafata ta wancan lokacin tana taka shi da sauri.

"Tela, yana ɗauka?"

Ba a ƙarshen hanya take ba. A bayan labule take. Muryar da kaurinta, da ɗan dusashewar da takan yi in ta wuni tana magana, da murmushi a cikinta.

"To me zan ce? Auta, ki sauke tukunyar nan kafin ta kama."

Can ciki wata ƙaramar murya ta ce, "To, Mama." Wannan ya daɗe da ɓacewa daga tawa wayar, har na manta akwai shi. Auta ta damƙe hannuna.

Sai ga shi. Ɗan jan numfashin nan, gajere, kamar wadda aka ba kyautar da ba ta zata ba. Sannan dariyar.

Ashe ban ƙirƙira ba.

Ban san sau nawa muka maimaita ba. Mayafin Auta ya jiƙe a gefe, ni kuma na yi ta goge fuska da guntun yadin da ya kamata ya zama aljihun wani. Da na cire abin daga kunne, shagon ya yi mini wani iri, kamar yanzu ta fita ɗebo ruwa.

Na kira shi. "Injiniya, shigo."

Ya shigo ya tsaya.

"Wannan in ka sa mini a waya, zai sake raguwa?"

"A'a, Baba. Kwafe shi zan yi yadda yake, ba sake ɗauka ba. Ko sau dubu aka kwafe haka, ba abin da zai ragu. Zan ajiye muku a wuri fiye da ɗaya."

"To ga tambayata ta gaskiya. In ka tafi da yarinyar nan garinku, ta kira ni, sau nawa za a yanke ta kafin ta iso?"

Na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka.

"Da wannan wayar taku, sau biyu, wata rana fiye. In kun yarda kun karɓi irin tata, muka yi kiran ta intanet, sau ɗaya. Za ku ji numfashinta in sabis yana da kyau." Ya dube ni. "Amma ba zan ce muku daidai yake da tana bayan labulen nan ba. Ko sau ɗaya ne, an rage wani abu. Wannan ba ni da maganinsa, sai dai in riƙa kawo ta."

Da ya ce mini babu abin da zai ragu, da na sallame shi da shayinsa. Allah ya sani.

"Baba, tsohuwar wayata tana nan a ɗaki," Auta ta ce, tana goge ido. "Tun bara nake roƙonka."

"Yatsuna ba su iya ba."

"Yatsun da suke zura zare ba tabarau?"

Da wayar nan tata nake rubuta muku wannan, kuna gani. A hankali nake yi, amma ina yi.

Na zare tef daga wuyana. "Kai, matso nan. Wa ya sayar maka da rigar nan?"

"A kanti na saya, Baba."

"An cuce ka. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Na auna kafaɗa, na auna hannu har wuyan hannun nan da ke waje, ina rubuta awon da alli a gefen tebur. Sannan na zagaya tef a ƙirjinsa, na sunkuyo kamar ina duba lamba. Lambar na gani tun tuni. Zuciyarsa tana bugawa kamar keken da aka sake wa bel, numfashinsa yana shiga da kyar yana fita da rawa. Na daɗe a wurin fiye da yadda awo yake buƙata.

Auta ta san ni. Ta san ban taɓa auna mutum ba tare da ya kawo yadi ba sai 'yan gida. Na ji ta ja wani ɗan numfashi gajere a bayana, irin wanda na gama ji a kunne yanzu, sai labule ya motsa, ta gudu ciki.

"Baba, ban kawo yadi ba," ya ce.

"Na sani. Akwai wani fari da na daɗe ina ajiya. Zan bar maka rara a ciki, don in yarinyar nan ta fara yi maka girki ka dawo in buɗe."

Ya durƙusa kawai, tef ɗin yana rataye a kafaɗarsa.

Daidai nan ƙaramar wayata ta hau ruri a kan keke, tana zagaya kanta tsakanin zare. Na duba. Yaya ce. Na ɗauka, muryarta ta fito siririya daga cikin gwangwani, amma ko a haka na san ta sa mayafin fita.

"Tela, ina hanya. Na haɗu da mai kayan gini yanzu, na ce masa yau za ka ba shi amsa. Ka yanke?"

Na dubi farin yadin a saman kanta, na dubi almakashi, na dubi yaron da ke durƙushe a gabana.

"Ban yanke ba tukuna, Yaya, awo na gama. Ki zo ke kaɗai. Akwai wata tsohuwar murya da take son gaishe ki."